Yadda Basiru Ya Mayar da Baba Filin Harbi

Allah Ya jiƙan Basiru Tanko, Ya sa kabarinsa ya fi ɗakin da muka zauna tare faɗi da sanyi. Ni Idrisu ne, abokinsa. Karatuna bai yi nisa ba, amma abin da zan faɗa na gan shi da idona, kuma ina so 'ya'yansa da mutanen garinsu su san irin mutumin da aka binne a Riyad.

Basiru ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Gwaram, daga gidan maharba. Kakansa maharbi ne, babansa ma haka, shi kuma ya tashi yana bin su daji da bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Da nama ya yi ƙaranci a daji sai ya sauko Kano ya koyi tuƙi, daga nan Allah Ya kawo shi Riyad direban gida. Kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki yake tsaya masa wurin hukuma, wani dattijo ne, Abu Shakir, tsohon ma'aikacin gwamnati mai gida kusa da unguwar Utaiƙa. Kowa a gidan Baba yake ce masa, mu ma haka muke kiransa. Basiru ne ya samo mini aikin tuƙa Shakir, babban ɗan Baba, mai ofis a unguwar Ulaya. Ɗakinmu ɗaya a bakin ƙofar gidan, gado biyu, risho ɗaya, da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙara kamar injin markaɗe.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, in ya yi dariya har masu gadin maƙwabta sai sun leƙo. Ban taɓa jin ya ce "wataƙila" ba. Ko hanya ya ɓata, da ƙarfin gwiwa yake ɓatar da ita. Larabcinsa a karye yake, amma yana buga shi da ƙarfi har Balarabe ya fara zargin kansa. Ranar Juma'a bayan masallaci mukan gangara Batha mu sayi yaji da kuka, mu zauna da 'yan uwa, kuma duk gardamar da aka fara, ta ƙwallo ko ta siyasa, Basiru ne ke yanke ta, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Abin da Baba ya fi so a duniya shi ne rimaya, wato harbin nishaɗi. Akwai wani kulob a bayan gari da yake zuwa duk ƙarshen mako da shozan ɗinsa, babbar bindigar nan ta harbin tsuntsaye. Basiru ke ɗaukar jakar, ya zauna a benci bayan layi yana kallo. A hanya kuwa gardama suke yi.

"Bindigarku ta Afirka bututun famfo ce," in ji Baba.

"Baba, bututun nan in babana ya harba shi, kajin ƙauye uku ba sa yin ƙwai ranar."

"To ƙara ake ci ko nama?"

"Ƙara tukuna, Baba. Nama ya biyo baya."

A shekarar 2014 Baba ya zame a banɗaki ya karya kafaɗar dama. Aka yi masa aiki, ya warke, amma likita ya ce shi da shozan har abada, domin dukanta a kafaɗa zai warware aikin. Daga ranar Baba ya daina fita. Masallacin unguwa kawai, da ƙafa, ya dawo ya zauna a tsakar gida yana kallon bango. Basiru yakan wanke mota kullum da safe, ya goge ta, ba mai shiga.

Wata rana ina tuƙa Shakir zuwa Ulaya na ji yana waya da ƙanensa. Ya ce igamar Basiru, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, za ta ƙare bayan Babbar Salla, kuma tun da Baba ba ya zuwa ko'ina, ba amfanin riƙe direba, gara a buga masa huruj niha'i, bizar fita ba dawowa, ya koma gida. Shakir ba mugu ba ne, mutum ne dai mai son komai ya zauna a wurinsa. Na rasa yadda zan faɗa wa Basiru, don na san babbar 'yarsa Mahbuba ba ta daɗe da shiga makarantar ungozoma a Kano ba, kuma aikin nan ne ke riƙe da ita a can. Da yamma yana yanka albasa na faɗa masa.

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ba inda za ni. Baba zai fita."

"Da wace kafaɗar?"

"Kai dai miƙo man gyaɗa, ɗan Katsina. Tsoro ya yi muku yawa."

Washegari ya tafi kulob ɗin shi kaɗai ya sami Kamil, wani dogon Basudane mai koyar da harbi a wurin, wanda suka saba gaisawa. Kamil ya nuna masa wata irin bindiga, doguwa ce ana kafa ta a kafaɗa, amma harsashin ƙaramar bindigar hannu take ci. Ya ce ba ta da nauyi, ba ta dukan kafaɗa sosai, kuma akwai masu araha da ake yi don masu harbin takarda kawai. Basiru ya dawo da wannan labari ya tare Shakir a bakin ƙofa. Shakir ya yarda, amma da sharaɗi biyu: mai araha za a saya, don ba zai zuba dukiya a abin da za a jingine a kabad ba, kuma sai Baba ya gwada ta kulob ya ce yana so kafin a nemi lasisi da sunansa.

Da ƙyar aka shawo kan Baba ya shiga mota. Wata Asabar da hantsi muka tafi mu huɗu, Basiru na tuƙi, ni a gefensa, Baba da Shakir a baya.

Kamil ya shimfiɗa bindigogi biyu a kan tebur, kusan kamarsu ɗaya. Ya ce abin da za a zaɓa shi ne iyar, wato girman harsashi. Ɗaya tana cin tara-mili, siririn harsashi. Ɗayar tana cin arba'in da biyar, gajere mai kauri kamar babban yatsa.

"Ni dai tara-mili zan ce, ya Shaihi," in ji Kamil. "Harsashinta bai da wuyar samu, bai da tsada, tana tafiya daidai a nisan da muke harbi, kuma turarta a kafaɗa kaɗan ce. Waccan ta fi nauyi, ta fi tura."

Ya sa muka toshe kunne, ya harba kowace sau ɗaya don mu ji. Tara-mili ta ce tas. Ɗayar ta ce dum, har na ji a cikina.

Baba ya juya ya dubi Basiru. "Kai ɗan maharba, me ka ce?"

Basiru ya nuna mai kaurin ba tare da ya tsaya tunani ba. "Wannan ce ta manya, Baba. Waccan tari take yi."

A nan ne ya yi kuskure, kuma da zuciya ɗaya ya yi shi. A gidansu, in an dawo daga farauta aka tsaya bakin gari, kowa yakan harba sama, ƙarami ya fara, babba ya rufe. Bindigar babban gida ita ake cika wa albarushi fiye da ta kowa, don in ta tashi duk gari ya san maigida ya dawo. A wurin Basiru, miƙa wa dattijo bindiga mai siririyar murya daidai yake da ce masa ka ƙare. Kamil ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ɗaga masa hannu. Fuskarsa ta yi haske yadda ban gani ba tun faɗuwarsa.

Ya kafa ta a kafaɗa ya harba. Na ga ya cije leɓe. Ya sake, hancin bindigar ya fara rawa. A na uku ya ajiye ta a tebur da hannun hagu, na daman yana reto kamar ba nasa ba. Wasu samarin Larabawa a layin kusa suka daina harbi suna kallonsa.

Kamil ya matso da sauri da tara-milin. "Gwada wannan, ya Shaihi, ba za ta..."

"Ba a rarrashina kamar yaro," in ji Baba. "Yalla, gida."

Muka dawo Utaiƙa. Da muka sauka Shakir ya dubi Basiru ya ce, "Mun gwada, ya Basir," ya shige ciki.

Ranar ce kaɗai na ga Basiru ya bar abinci a kwano. Ya zauna bakin gado ya ce, "Ni na ɓata, Idrisu. Na bi kunne na manta kafaɗa." Can kuma ya ce ya tuna abin da babansa ya yi wa kakansa da ƙarfinsa ya ragu. Babansa ne ke ɗura wa tsohon bindiga, sai ya riƙa rage albarushin kaɗan-kaɗan, yana ƙara tsumma, bai faɗa wa kowa ba, har tsohon ya rasu yana ganin yana nan da ƙarfinsa. Basiru ya miƙe tsaye da murna kamar ya tsinci dabara. Ya kira Kamil a waya ya sa a amsa-kuwwa, ya tambaye shi ko za a iya buɗe harsashin arba'in da biyar a rage masa gari.

"Ya zol, kai mutumin nan, kana da hankali?" Kamil ya daka masa tsawa. "So kake a rufe mana wuri, ni da kai mu kwana a hannun hukuma? Ba a taɓa harsashi! Tara-mili na ce tun farko, ka tsaya kana mini waƙar bindigar manya."

Basiru ya kashe wayar yana dariya. Ya ce, "Dogon nan ya fi ni gaskiya. To, ƙaramar ce za ta shiga hannun Baba. Amma ba wanda zai miƙa masa ita. Shi zai ɗauka da kansa."

Ya bari kafaɗar ta huce. Ana saura 'yan makonni Salla, wata la'asar Baba na zaune a tsakar gida da butar gahawa, Basiru ya je ya durƙusa a gabansa. Ina wanke motar Shakir, ina jin su.

"Baba, ina da buƙata."

"Faɗi."

"Igamata ta kusa ƙarewa, gida zan koma. Shekara da shekaru ina ɗaukar jakar bindigarka, ban taɓa harba ta zamani ba. In na koma maharban garinmu suka tambaye ni, me zan ce? Dariya za su yi mini har in mutu. Ka kai ni sau ɗaya ka sa mini hannu a matsayin baƙonka, ka zauna a kujera ka faɗa mini yadda ake yi. Ba sai ka taɓa komai ba."

Baba ya kurɓi gahawarsa. Sannan ya ce, "Sau ɗaya."

Basiru ya ce in zo in ga ikon Allah, na bi su. Kamil ya ce mai koyo tara-mili ake ba shi, ya miƙa wa Basiru, Baba kuma ya zauna a kujerar roba a baya ya harɗe ƙafa.

Basiru ya karɓi bindigar ya miƙar da hannuwansa gaba can nesa da jikinsa, ya kawar da fuska gefe, ya runtse ido. Haka ake riƙe bindigar toka, domin takan tofa wuta ta baya, wani lokaci ma ta fashe. Wallahi wannan ba wasa yake yi ba, abin da hannunsa ya sani ke nan tun yana yaro. Kamil ya riƙe shi kafin ya taɓa kunama.

"La haula!" in ji Baba daga kujera. "Ya ɗan halas, maciji aka ba ka? Kafa ta a kafaɗa!"

Kamil ya gyara masa riƙo. Basiru ya auna, amma yana jan kunama fuskarsa ta sake kaucewa da kanta. Harsashin ya tayar da yashi nesa da takardar.

"Buɗe idonka! Kuncinka a jikin bindiga!"

Ya sake, yashi ya sake tashi.

"Wannan ne ɗan maharba? Me kuke harbi a garinku, ƙasa?"

"Baba, ita ce ba ta da saiti."

"Ba ta da saiti? Hat! Ba ni nan!"

Ban ga lokacin da Baba ya bar kujera ba. Ya karɓi bindigar ta hannun Kamil, ya ture Basiru gefe da gwiwar hannu, ya kafa ta a kafaɗar nan da aka yi wa aiki. Tas. Tas. Tas. Bai cije leɓe ba, hannunsa bai yi rawa ba. Ya ƙarar da harsasan ya ce a ƙaro. Da aka jawo takardar, ramukan suna cikin baƙin tsakiya da kewayensa. Ya kaɗa ta a fuskar Basiru.

"Ga wadda ba ta da saiti. Ka gani?"

"Na gani, Baba. Sa'a ce."

"Sa'a? Kamil, sa sabuwar takarda!"

Sai da aka kira azahar muka bar wurin. A hanya Baba ya kira Shakir a waya ya ce a nemi lasisi a sayi tara-mili, mai arahar nan, don yana da ɗalibi da ke kunyata gidansa a gaban mutane. Ya ƙara da cewa a sabunta igamar Basiru, domin irin wannan kan ba ya koyon abu a wata ɗaya. Basiru na tuƙi, idonsa a kan titi, ya miƙo hannu ya mintsine ni a cinya.

Bayan haka kowace Asabar suna can. Baba ya harba nasa, sannan ya tsaya a bayan Basiru yana faɗa. Jinin maharba kuwa ba ya ɓuya. Cikin 'yan makonni fuskar Basiru ta daina kaucewa, hannunsa ya zauna, ya gane bindigar sarai. Amma bai yarda harsashinsa ya shiga baƙin nan ba. Yakan zaɓi wani wuri a kusurwar takarda ta sama ya auna can. Wata rana Baba ya tafi alwala, Kamil ya jawo takardar ya ƙura mata ido, ya ga ramuka biyar sun taru a kusurwa, tafin jariri zai rufe su.

"Ya zol," ya ce da shi a hankali, "wanda bai iya ba, ba ya kuskure wuri ɗaya sau biyar. In za ka yi ƙarya, warwatsa ta. Tsohon nan ba makaho ba ne."

Basiru ya dawo ɗaki yana ba ni labari yana dariya har da hawaye. Ya ce kuskure da gangan ya fi samu wuya, yanzu sai ya riƙa tuna inda ya jefa na baya don kada ya maimaita.

Abin bai zo masa da sauƙi ba, don mutum ne mai son a san ya iya. Ni na yi suɓutar baki a Batha na ba da labarin ranar farko, sai 'yan uwa suka laƙaba masa Mai Harbin Ƙasa. Duk wanda ya kayar a gardama sai ya ce, "To mun ji, je ka sami takarda tukuna." Basiru, wanda ba ya barin magana ta kwana, sai ya yi murmushi ya kurɓi shayinsa. Na taɓa ce masa ya isa haka, Baba ya riga ya saba da bindigar, ya samu ko sau ɗaya mana ya wanke sunansa.

Ya ce, "Kai ba ka san manya ba. Baba ba don ƙaramar bindiga yake fita ba, don ni yake fita. Ranar da na iya, ranar zai tuna kafaɗarsa."

Haka suka yi shekara huɗu. Baba ya koma zuwa ɗaurin aure da gaisuwar abokai, har kasuwar dabino yakan ce a kai shi. Ba a sake maganar huruj a gidan ba. Mahbuba ta gama karatunta ta kama aiki, Basiru ya zagaya Batha da hotonta cikin fararen kaya yana nuna wa har waɗanda bai sani ba.

A ƙarshen 2018, wata ranar Talata da rana, ya je kasuwar Utaiƙa sayo wa gida kayan miya, ya faɗi a gaban mai tumatir. Hawan jini ne da ya daɗe yana raina shi. Kafin in isa asibiti ya cika. Ni na kira matarsa Sabuwa na faɗa mata, kuma ba na fatan Allah Ya sake ɗora mini irin wannan kira. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Fuskarsa kamar zai buɗe baki ya gyara mana yadda muke yi.

Muka yi zaman makoki a wani ɗaki na 'yan uwa a Batha, hawa na biyu, matattakalar ƙunci. A rana ta biyu sai ga Baba, Shakir na riƙe da hannunsa, yana hawa yana hutawa. Aka matsa masa ya zauna a kan darduma cikinmu. Ya yi addu'a mai tsawo. Da ya shafa sai ya juyo gare ni, idonsa jawur.

"Ya Idris, ɗan uwanka mutumin kirki ne. Bai taɓa ɓata mini rai ba sai a wuri ɗaya." Ya girgiza kai, yana murmushi hawaye na bin gemunsa. "Shekara huɗu ina koya masa. Ko sau ɗaya bai sami tsakiya ba, miskin. Amma bai taɓa cewa ya gaji ba."

Na dubi tsohon nan da ya hau bene biyu da ƙafarsa don Basiru. Na ce, "Haka ne, Baba. Bai iya ba. Allah Ya jiƙansa."

Duk ɗakin aka amsa da amin.